Babi Na Huɗu: Sharhi A Kan Kalmomin Alheri, Maƙwabci Da Gafara A Misalan Yesu

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo tarihin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Hausa, tun daga ƙoƙarin J.F. Schön a ƙarni na 19, zuwa cikakkiyar fassarar 1932 wadda Likita Walter Miller ya jagoranta, har zuwa ta 1979 wadda Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta buga. A wannan babi kuwa za a yi sharhi ne a kan yadda wasu kalmomi da masu fassara suka zaɓa suke shafar fahimtar mai karatu, da kuma yadda yake aiki da koyarwar a gida da gona da kasuwa.

Dalilin da ya sa wannan batu yake da muhimmanci shi ne, masu fassara ba su ƙirƙiri sababbin kalmomi ba sai a wurare kaɗan. Sun tarar da kalmomi irin su alheri da gafara da tuba da adalci suna da ma'anoninsu a bakin jama'a, sai suka ɗora musu sabon kaya. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin masu karanta littafin a Filato da kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa ba da Hausa suka buɗe baki ba. A kasuwa da makaranta da unguwa suka koye ta. Saboda haka ma'anar yau da kullum ita ce take fara zuwa wa mai karatu, kafin ma'anar da nassi yake nufi ta iso.

An zaɓi kalmomi uku, kuma an haɗa kowace da misali ɗaya daga cikin misalan da Yesu ya bayar. Abin da ake son a nuna shi ne, kalma ita kaɗai ba ta isa ta ɗauki koyarwar ba. Labarin da ke kewaye da ita shi ne yake gyara mata zama. Wanda ya riƙe kalmar ya saki labarin, to zai koma ga abin da al'ada ta riga ta koya masa, alhali yana zaton umarnin littafin yake bi.

4.1 Alheri: Misalin Ma'aikatan Gonar Inabi (Matiyu 20:1-16)

Kalmar alheri daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma ta daɗe da zama 'yar gida. Da ita aka fassara kalmar Girkanci karis, wadda Manzo Bulus ya gina koyarwar ceto a kanta, musamman a Afisawa 2:8-9. Abin da Bulus yake nufi shi ne kyautar Allah wadda mutum bai yi aikin da ya cancance ta ba, kuma ba shi da abin da zai biya ta da shi.

Idan aka duba karin maganar Hausa za a ga alheri yana tafiya ne da tsammanin sakamako. Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ana kuma cewa alheri gadon barci ne, wato wanda ya yi shi zai kwanta a kansa wata rana. Haka nan yaba kyauta tukwici. Gudummawar da mata suke kai wa juna a lokacin biki ana riƙe lissafinta, domin ranar da bikin mai bayarwa ya zo za a mayar mata, sau da yawa ma da ƙari. Wannan ba aibu ba ne, da shi ne zumunci yake ɗorewa. Sai dai ya nuna cewa a kunnen Bahaushe alheri ya fi kama da ajiya.

Misalin ma'aikatan gonar inabi ya zo da wani lissafi dabam. Mai gona ya fita da sassafe ya ɗauki 'yan ƙwadago, suka daidaita a kan dinari 1, wanda shi ne ladan aikin yini a wancan zamani. Ya sake fita da hantsi, da tsakar rana, da wajen ƙarfe 3, har da ƙarfe 5 na yamma, kowane lokaci yana ƙaro ma'aikata. Da magariba ta yi sai ya sa a fara biyan waɗanda suka zo ƙarshe, aka ba kowannensu dinari cikakke. Waɗanda suka sha rana tun safe suka sa rai za su sami ƙari, amma su ma dinari ɗaya aka ba su. Da suka yi gunaguni sai mai gona ya tuna musu cewa abin da aka yi ciniki a kai shi aka biya, ragowar kuwa dukiyarsa ce.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su a tsarin labarin. Na farko, da an fara biyan 'yan safe da sun tafi gida cikin farin ciki, ba su san abin da aka ba saura ba. Fara biyan 'yan yamma shi ne ya fito da abin da ke zuciyarsu. Wato ba a rage musu komai ba, abin da ya dame su shi ne an daidaita su da wasu. Hassada ce ta yi magana da muryar neman adalci. Na biyu, da aka tambayi 'yan yamma dalilin zamansu, sun amsa cewa ba wanda ya ɗauke su aiki. Ba ragwaye ba ne, marasa samu ne. Dinarin da aka ba su shi ne abincin iyalinsu na wannan dare.

A nan ne ma'anar kasuwa take iya karkatar da mai karatu. Kalmar lada a Hausa tana nufin kuɗin aiki, tana kuma nufin sakamakon da Allah yake bayarwa. Idan aka haɗa ta da alheri mai kama da ajiya, sai a sami Kirista yana kallon baikonsa da zakkarsa da zuwansa sujada a matsayin jari wanda dole ya kawo riba. Irin wa'azin da yake kwaɗaitar da mutane su bayar domin a ninka musu a wannan fahimta yake samun gindin zama. Haka kuma a cikin ikilisiya akan sami waɗanda kakanninsu suka karɓi bishara tun zamanin 'yan mishan suna ganin sun fi sababbin tuba daraja. Waɗannan su ne 'yan safe na misalin.

To, shin masu fassara sun yi kuskure ne da suka zaɓi alheri? A ra'ayin wannan nazari ba su yi ba. Rahama ta fi karkata ga jinƙai, ni'ima ta fi nuna jin daɗi da wadata, baiwa kuwa an fi saninta da fasaha ko hazaƙar da aka haifi mutum da ita. Alheri ya fi su kusa da manufa. Abin da ya rage shi ne mai koyarwa ya bayyana cewa wannan alheri ba ya jiran tukwici. A aikace kuma misalin bai soke haƙƙin ma'aikaci ba. Mai gona ya biya a ranar da aka yi aikin, kamar yadda Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta umarta. Ke nan Kiristan da ya ɗauki 'yan ƙwadago a gonarsa ko mai aiki a gidansa, sai ya fara cika alkawarin biya a kan lokaci, sannan ya yi zancen alheri.

4.2 Maƙwabci Ko Ɗan'uwa: Misalin Basamariye (Luka 10:25-37)

Umarnin ƙaunar maƙwabci ya samo asali daga Littafin Firistoci 19:18, kuma aya ta 34 ta wannan sura ta faɗaɗa shi har ya haɗa da baƙo. Kalmar Girkanci da Luka ya yi amfani da ita tana nufin wanda yake kusa. A nan fassarorin Hausa sun rabu biyu: ta 1932 ta ɗauki maƙwabci, ta 1979 kuwa ta karkata ga ɗan'uwa. Kowace daga cikinsu tana da riba da hasara.

Maƙwabci a Hausa shi ne wanda kuke unguwa ɗaya, ko ma katanga ɗaya. Yana da haƙƙoƙi sanannu, kamar gaishe shi idan ba shi da lafiya, da halartar sunansa da jana'izarsa, da aika masa abinci ranar Salla ko Kirsimeti. Ribar kalmar ita ce ba ta tambayar addini ko ƙabila. Hasararta ita ce tana da iyaka ta wuri. Ɗan'uwa kuwa ya fi ɗumi da nauyi, domin abin da za ka yi wa ɗan'uwa ya wuce abin da za ka yi wa maƙwabci. Sai dai a bakin masu sujada 'yan'uwa na nufin waɗanda ake bangaskiya ɗaya da su. Don haka mai sauraro yana iya fita daga majami'a da fahimtar cewa Kirista ɗan'uwansa kaɗai aka ce ya ƙaunata.

Labarin da kansa ya rushe iyakokin biyu. Wani masanin Attaura ne ya tambayi Yesu ko wane ne ya shiga cikin wannan umarni, wato yana neman a shata masa layi. Sai aka ba shi labarin wani matafiyi da 'yan fashi suka tare a hanyar Urushalima zuwa Yariko, hanya ce mai tsawon kimanin kilomita 27, mai gangara da duwatsu, wadda aka sani da haɗari. Suka tuɓe shi, suka yi masa dūka, suka bar shi rai a hannun Allah. Tuɓewar tana da ma'ana a labarin, domin mutumin da ba riga a jikinsa, ba ya kuma iya magana, ba a gane ƙabilarsa. Firist ya wuce, Balawe ya wuce, dukansu ma'aikatan Haikali ne. Basamariye ne ya tsaya, ya ɗaure raunukan, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya bar dinari 2 tare da alkawarin biyan abin da ya ƙaru.

Mai karatun yau yakan ji sunan Basamariye kamar sunan mutumin kirki ne, saboda yawan jin labarin. Ga masu sauraron farko ba haka ba ne. Tsakanin Yahudawa da Samariyawa akwai tsohuwar gaba ta addini da asali. Samariyawa suna sujada a Dutsen Gerizim, kuma Yahudawa sun rushe musu wurin ibadarsu a ƙarni na 2 kafin haihuwar Almasihu. A Luka 9:51-56, sura ɗaya kawai kafin wannan misali, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi saukar da Yesu, har almajirai biyu suka nemi a kira wuta ta cinye shi. Saboda haka gwarzon labarin daga ɓangaren abokan gaba ya fito. A ƙarshe kuma Yesu ya juya tambayar. Masanin ya tambayi wanda ya cancanci a taimaka masa, shi kuwa aka tambaye shi wane ne ya yi halin maƙwabtaka. Da ya tashi amsawa bai iya ambatar sunan ƙabilar ba, sai ya kewaya ya ce wanda ya nuna tausayi.

Wannan sharhi ya shafi zaman arewacin Nijeriya kai tsaye. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 da waɗanda suka biyo baya, unguwanni da dama sun rabu bisa addini. A Kaduna yawancin Kirista sun koma kudancin kogi, yawancin Musulmi kuma suna arewacinsa. Sakamakon haka ita ma kalmar maƙwabci ta ƙuntata, domin wanda kuke katanga ɗaya da shi yanzu galibi addininku ɗaya. Idan aka tsaya ga kalma, ko wacce aka zaɓa daga cikin biyun, mutum zai iya cika umarnin ba tare da ya taɓa haye gada ba.

A watan Yuni na 2018, lokacin da aka kai hare-hare a ƙauyukan ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya kuma ƙi miƙa su ga maharan. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo kan wannan aiki. Idan aka auna wannan al'amari da tsarin misalin, limamin shi ne yake a matsayin Basamariye, Kirista kuma suna a matsayin wanda aka tarar a gefen hanya. Wannan shi ne ɓangaren da wa'azi ya fi tsallakewa. An fi son a ce wa mai sauraro ya taimaki wanda ba nasa ba, amma misalin yana kuma neman ya yarda cewa ceton ransa yana iya zuwa ta hannun wanda yake ƙyama, kuma daga wurinsa zai koyi yadda ake cika umarnin.

4.3 Gafara Da Haƙuri: Misalin Bawa Mai Bashi (Matiyu 18:21-35)

Ita ma gafara daga Larabci take. A maganar yau da kullum ana cewa gafara dai idan za a shiga gida ko ana neman hanya, ana kuma cewa Allah gafarta malam don girmamawa. Idan ana zancen laifi kuwa, an fi jingina gafara ga Allah. Tsakanin mutum da mutum kalmar yafewa ta fi yawo, kuma tana da wata fa'ida: ana yafe laifi, ana yafe bashi. Kalmar Girkanci da ke cikin nassin ita ma haka take, tana nufin sakin abin da kake bin wani. Bitrus ne ya tambaya ko sau 7 ya isa a yafe wa mai laifi, sai aka ba shi adadin da ke nuna cewa ba a lissafi, aka bi shi da wannan misali.

Wani bawa sarki yana bin sa talanti 10,000. Talanti 1 daidai yake da dinari 6,000, ke nan bashin ya kai dinari miliyan 60. Idan ɗan ƙwadago yana aiki kwana 300 a shekara, sai ya yi shekara 200,000 kafin ya tara wannan kuɗi. Bawan ya roƙi a ƙara masa lokaci, sarki kuwa ya yafe masa duka. Da fitarsa sai ya gamu da wani abokin bautarsa da yake bi dinari 100, ya shaƙe shi, ya sa aka kulle shi. Da labari ya kai ga sarki sai ya janye yafewarsa.

Masu wa'azi sukan ce dinari 100 ba komai ba ne. Wannan bai yi daidai ba. Ladan aikin fiye da wata 3 ne, kuma ga talaka babban kuɗi ne. Misalin bai raina abin da aka yi wa mutum ba. Abin da ya yi shi ne ya ajiye shi kusa da wani bashin da ya ninka shi sau 600,000. Wato a fahimtar Kirista ba a yafewa domin laifin ƙarami ne, ana yafewa ne domin mai yafewar shi ma an yafe masa. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wannan karin magana ta kama rabin manufar misalin.

Matsalar aiki da wannan koyarwa tana tasowa ne daga kalmar haƙuri. A nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, Kirk-Greene ya sa haƙuri cikin halaye 10 da ake auna mutum da su. Idan aka yi saɓani, abin da dattawa suke faɗa shi ne a yi haƙuri, kuma da zarar an ce an haƙura sai a ɗauka magana ta ƙare. Amma haƙuri daurewa ne, yafewa kuwa saki ne. Mutum yana iya haƙura shekara 20 bashin yana nan a rubuce a zuciyarsa. Haka nan wanda ya ce na bar shi da Allah, ko Allah ya isa, sau da yawa bai yafe ba, ya ɗaukaka ƙara ne zuwa kotun da ta fi ƙarfi. Misalin ya rufe da sharaɗin cewa yafewar ta fito daga zuciya, kuma wannan sharaɗi shi ne ya raba ta da haƙurin baki.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya gefen. Idan aka mayar da gafara ta zama haƙuri kawai, sai nauyin ya koma kan wanda aka zalunta. Matar da miji yake dūka, ko marayan da aka cinye wa gado, sai a ce su yi shiru domin su Kirista ne. Alhali ayoyin da suka gabaci misalin, wato Matiyu 18:15-17, sun tsara yadda za a tunkari mai laifi: a same shi shi kaɗai, in ya ƙi a tafi da shaida ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya. A cikin misalin ma sauran bayi ba su yi shiru ba, su ne suka kai ƙara wurin sarki. Ke nan yafewa ba ta hana faɗar gaskiya ko kare mai rauni. Abin da ta hana shi ne ramuwar gayya.

Tarihin Fasto James Wuye da Liman Muhammad Ashafa ya nuna wannan bambanci. A rikicin 1992 da ya faro daga Zangon Kataf ya bazu zuwa Kaduna, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da wasu danginsa. Daga 1995 suka fara aiki tare, suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai a Kaduna. Ba su ɓoye abin da ya faru ba, hasali ma shi suke ba da labari a duk inda suka je sulhu. Abin da suka saki shi ne niyyar ramawa.

4.4 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa kalmomin da aka nazarta sun sauƙaƙa wa mai karatu shiga cikin nassi, domin ya riga ya san su. Amma sanin nan shi ne kuma yake iya tsayar da shi a bakin ƙofa. Alheri yana iya zama jari, maƙwabci ko ɗan'uwa ya tsaya ga na gida, gafara kuma ta koma haƙurin dole. A dukkan misalan uku an ga cewa gyaran yana cikin tsarin labarin: wanda aka fara biya, da ƙabilar wanda ya tsaya a hanya, da girman basussukan biyu. Saboda haka canza kalma a sabuwar fassara ba zai wadatar ba. Ya kamata fastoci da malaman makarantar Lahadi da shugabannin zumuntar mata su riƙa karanta misali gaba ɗayansa tare da ayoyin da ke gabansa da bayansa, su kuma tambayi masu sauraro abin da kalmar take nufi a gidajensu kafin a gwada shi da abin da labarin ya nuna. Babi na gaba zai duba yadda waɗannan kalmomi suke fitowa a waƙoƙin sujada na Hausa.